Kafin Kwamfutarka Ta Bar Hannunka: Yadda Ake Shafe Faifai Daga Filash



An ce in yi magana a kan yadda ake shafe abin da ke cikin kwamfuta ta yadda ba zai dawo ba. Na san akwai waɗanda suka ce a ransu, wannan ma har sai an tara mutane? Ai kowa ya iya danna dilit, wanda ya ɗan waye kuma ya yi fomatin. To a nan gizo ke saƙar. Dilit ba ya share komai, fomatin da muka saba yi shi ma haka, kuma mu a Jos wannan magana ta shafe mu ta fuska biyu: muna karɓar kwamfutocin wasu da sirrinsu a ciki, sannan muna miƙa namu ga wasu da namu sirrin a ciki.

Bari mu fara da abin da ke zuwa mana. Duk wanda ya bi ta titin Ahmadu Bello zuwa Taminus ya san yawancin laftof ɗin da ke jere a shaguna 'yan hannu ne. Daga Turai da Amurka suke sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas, su ratsa ta Ikeja ko Alaba, su hau mota zuwa nan. A 2005 wata ƙungiyar kare muhalli ta Amurka mai suna Basel Action Network ta zo Legas ta yi bincike, ta ba da rahoton cewa kimanin kwantena 500 na tsofaffin kayan kwamfuta ke sauka a can duk wata. Sun sayi wasu daga cikin faya-fayan ajiya, waɗanda a kasuwa muke kira had-dis, suka sa aka bincika, sai ga wasiƙun ma'aikatan Bankin Duniya, ga bayanan wata hukumar kula da yara ta jihar Wisconsin. A 2009 wasu ɗaliban aikin jarida daga Jami'ar British Columbia ta Kanada suka sayi faifai a wata kasuwa a Ghana a kan dala 40, suka tarar da takardun kwangilolin tsaro na kamfanin Northrop Grumman da gwamnatin Amurka. Kafin waɗannan duka, a 2003, wasu ɗaliban jami'ar MIT biyu, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, sun wallafa sakamakon sayen tsofaffin faya-fayai 158. Guda 129 na aiki, kuma 12 kacal aka shafe yadda ya kamata. A cikin ragowar sun tsinci lambobin katin banki sama da 5,000.

Ba duk faifan da ya iso garin nan cike ba ne ya zo da ganganci. Wajajen 1999 wani malami Ba'amurke, Cliff Missen, ya zauna a Jami'ar Jos, ya ga yadda intanet ke wahalar samu. Da ya koma Iowa aka kafa shirin WiderNet, wanda ya riƙa cika faifai da littattafai da shafukan intanet ana kai wa jami'o'in Afirka, har da tsofaffin kwamfutocin da aka gyara. Wancan da niyya aka cika shi don mu karanta. Abin da nake magana a kai yau shi ne wanda ya zo cike don wani ya yi sakaci.

Yanzu mu juyo da madubin. Kwamfutar da ofis ya gaji da ita ana yin gwanjonta. Wani ma'aikaci ya saya, ya ba ɗansa da ke karatu a jami'a, a Bauchi Road ko Naraguta. Ɗan ya gama, ya sayar wa mai bizines santa. Ta mutu a can, a jefa ta bayan kanta, ran nan ɗan jari-bola ya zo ya auna ta a sikeli. A duk wannan tafiya faifan bai manta komai ba. Ku tuna abin da ake bugawa da abin da ake sikanin a bizines santa ɗaya a rana: takardar NIN, lambar BVN, hoton fasfo, sakamakon WAEC, rajistar JAMB, takardar fili, sakamakon gwajin asibiti, takardar kotu. Ku tuna kwamfutar makaranta mai sunayen yara da adireshin iyayensu, da ta masallaci ko coci mai jerin mambobi da lambobin wayarsu, da ta ƙungiyar agaji mai sunayen waɗanda aka raba da gidajensu. Mu da muka ga rikicin Satumbar 2001, muka ga na Nuwambar 2008 da na Janairun 2010, ba sai an yi mana dogon bayani ba a kan abin da jerin sunaye da unguwanni zai iya zama a hannun da bai dace ba. A wasu garuruwan abin da ake tsoro shi ne a kwashe maka kuɗi a banki. Mu namu ya wuce nan.

To me ke faruwa idan ka danna dilit? Faifai yana da rajista a farkonsa, inda aka rubuta sunan kowane fayil da guraben da yake zaune. Idan ka ce a goge, kwamfuta sai ta je rajistar ta sa alamar cewa waɗannan gurabe babu mai su, wanda ya zo zai iya zama. Ba ta taɓa abin da ke cikin guraben. Yana nan daram har ranar da wani sabon abu ya zo aka rubuta shi a kai, kuma a faifai mai girma wannan rana tana iya ɗaukar shekaru ba ta zo ba. Fomatin gaggawa, wanda ke gamawa kafin ka ajiye kofin shayi, sabuwar rajista kawai yake shimfiɗawa. Shi ya sa manhajoji irin su Recuva da PhotoRec, waɗanda kyauta ake sauke su, ke dawo da hotuna bayan an yi fomatin har an ɗora sabuwar Windows. Da yawa daga cikinku masu gyara da su kuke ci, idan kwastoma ya zo hankali a tashe ya goge furojet ɗinsa. Abin da ke ceton ɗalibin nan shi ne ke tona asirin wanda ya sayar da kwamfutarsa.

Magani ɗaya ne a faifai mai juyawa: a bi gurabensa ɗaya bayan ɗaya daga farko har ƙarshe a rubuta wani abu a kansu, ko sifili ko lambobi barkatai. Sai dai akwai cikas. Windows ɗin da za ka ba wannan umarni a cikin faifan take zaune. Ba ka iya naɗe tabarmar da kake zaune a kai, sai ka tashi ka tsaya a gefe. Wannan tsayawa a gefe ita ce amfanin filash. Ana ɗora wata ƙaramar manhaja mai tafiyar da kwamfuta, galibi 'yar gidan Linux, a kan filash, a tayar da kwamfutar daga can. Sai ta hau ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfutar ta zauna, ta bar faifan a kwance ba mai riƙe da shi. A wannan hali ba ruwanta da kalmar sirrin Windows, ba ruwanta da ko Windows ɗin ta lalace ta ƙi tashi, ba ruwanta da yadda aka yanka faifan kashi-kashi. Gaba ɗayansa take gani, kuma gaba ɗayansa za ta bi.

Wadda aka fi sani ita ce DBAN, da wani mai suna Darik Horn ya ƙirƙira. Ta yi zamani, har yanzu akwai masu ajiye ta a tsohon faifan CD cikin durowa. Kamfanin Blancco ya saye ta a 2012, kuma fitowarta ta ƙarshe a 2015 ne. Ba ta tashi a kan yawancin sababbin kwamfutoci, ba a kuma yi ta don SSD ba. Tana da wani umarni, autonuke, wanda da zarar ka buga shi za ta hau kan duk wani faifai da ke maƙale da kwamfutar ba tare da ta tambaye ka ba. Wanda ya manta faifan ajiyarsa na waje a jone, sai dai a yi masa jaje. Magajiyarta ita ce nwipe, wadda aka tsiro da ita daga cikin DBAN ɗin kuma ake ci gaba da kula da ita. Akwai ShredOS, wadda ba komai ba ce illa nwipe da aka naɗe cikin 'yar ƙaramar Linux, tana tashi kai tsaye ta nuna maka jerin faya-fayai. Kyauta ce, kuma ita nake ba da shawara ga mai shago. Wanda ya riga ya saba da Linux zai iya amfani da SystemRescue ko filash ɗin Ubuntu. Akwai kuma Parted Magic, ta kuɗi, mai sauƙin sarrafawa.

Yadda ake yi ba wuya. Ka sauke ShredOS daga shafinta na asali, kar ka karɓa daga hannun wani a memori. Ka ɗora ta a filash da Rufus ko Ventoy. Kafin komai, ka kwashe abin da mai kwamfutar ke so ya tsira da shi, ka buɗe kwafin a wata kwamfuta a gabansa ya gani da idonsa, don bayan wannan mataki babu kome. Ka cire duk wani faifai ko filash da ba shi za a shafe ba. Ka kunna kwamfutar kana danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi: F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo. Idan ta ƙi karɓar filash ɗin, ka shiga BIOS ka kashe Secure Boot, ka tuna ka mayar da shi bayan ka gama. Jerin zai fito, kowane faifai da sunan kamfaninsa da girmansa da lambarsa. Nan ne wurin da za ka rage gudu. Ka karanta sau biyu, ka gwada lambar da ke kan allo da wadda ke jikin faifan in kana iya ganinsa. Sai ka zaɓa, ka zaɓi hanya, ka kunna tantancewa, wato sake karanta faifan don tabbatar da an rubuta ko'ina, ka sake ta.

Wace hanya? Nan ake yawan gardama a shaguna, kuma nan zan ɗan daɗe. Za ku ga sunaye masu ban tsoro a jerin. Akwai ta ma'aikatar tsaron Amurka, DoD 5220.22-M, mai zagaye uku ko bakwai. Akwai ta Gutmann mai zagaye 35. Mutum ya ga 35 sai ya ce lalle wannan ce ta gaske. Peter Gutmann malami ne a Jami'ar Auckland ta New Zealand, kuma a 1996 ya rubuta maƙalarsa. Faya-fayan wancan lokaci suna rubutu da faɗi da sakaci, ana tunanin mai na'urar bincike mai tsada zai iya hango inuwar tsohon rubutu a ƙarƙashin sabo. Kuma da yake akwai salon rubutu iri-iri a lokacin, sai ya tattara zagayen da ya dace da kowane salo ya haɗa su wuri ɗaya. Ba a taɓa yin faifan da ke buƙatar duka 35 ɗin ba. Shi da kansa daga baya ya ƙara bayani a ƙarshen maƙalar, yana kokawa cewa mutane sun mayar da hanyarsa tamkar wani surkulle. A 2006 hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, ta fitar da ƙa'idarta mai lamba 800-88, inda ta ce ga faya-fayan da aka ƙera bayan 2001 zagaye ɗaya ya wadatar. Rubutun yanzu ya matsu ƙwarai, babu sauran gefen da tsohon zai ɓuya.

Mu yi lissafi irin namu. Faifan laftof yana rubuta kamar megabait 100 a daƙiƙa. Mai gigabait 500 zai ci kusan awa ɗaya da rabi, mai terabait 1 kusan awa uku, tantancewa kuma ta ci kwatankwacin haka. Ka ninka awa uku sau 35, ka haura kwana huɗu. Wane ne a cikinmu zai rantse cewa wuta za ta tsaya masa kwana huɗu a jere a Unguwar Rogo ko Tudun Wada? Wa zai ƙona man janareta na kwana huɗu a kan kwamfutar da ribarta ba ta kai kuɗin man ba? Illar wannan tsauri ita ce mutum ya fara, nepa ta ɗauke, ya gaji, ya ce a bar shi kawai a yi fomatin. Gara zagaye ɗaya da aka kai ƙarshensa aka tantance, da zagaye bakwai da aka yanke a tsakiya. Idan zuciyarka ba ta natsu ba, ka yi ɗaya na lambobi barkatai ka bi shi da ɗaya na sifili, ka tsaya nan. Ka tabbata batirin laftof ɗin yana riƙe caji, in kuma ta tebur ce ka jona ta a inbata. Idan wuta ta yanke ana cikin aiki, ka sake daga farko.

Akwai wasu lunguna da rubutun sama-sama ba ya kaiwa. Wasu kamfanoni na ɓoye wani yanki a ƙarshen faifai, ana kiransa HPA, kuma sababbin fitowar nwipe na nuna maka in akwai shi. Sannan idan wani gurbi ya lalace, faifan da kansa yana killace shi ya maye shi da wani, kuma abin da ke cikin killataccen yana nan. Ga kwamfutar gida wannan ba abin hana barci ba ne. Ga ta asibiti ko banki ko ofishin lauya, idan faifan ya fara nuna gurabe masu yawa da suka lalace, kar a sayar da shi, a fasa shi.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu na faifai mai juyawa ne. SSD wata halitta ce daban, kuma ita ce ke cikin yawancin laftof ɗin da ke shigowa yanzu. Ba ta da faranti, ƙwayoyin lantarki ne, kuma kowace ƙwaya tana da iyakar yawan rubutun da za ta ɗauka kafin ta gaji. Don kada wasu su mutu su bar wasu, akwai ɗan ƙaramin mai kula a cikinta da ke rarraba aikin. Ka ce a rubuta a gurbi kaza, shi kuma ya kai rubutun wani wuri dabam ya gyara rajistarsa, tsohon ya zauna sai ya ga dama ya share. Bayan haka tana da ƙarin ƙwayoyi na ajiya waɗanda kwamfuta ba ta ma san da su ba. Ke nan kana iya cika ta da sifili daga farko har ƙarshe, wani abu ya saura a inda hannunka ba ya kaiwa. Zagaye 35 a kanta kuwa, tsufa kawai kake ƙara mata.

Abin da ake yi shi ne a umarci mai kulan nan ya share gidansa da kansa. A SSD mai haɗin SATA umarnin shi ne Secure Erase, ana aika shi da hdparm. A ta NVMe, wato siririyar nan da ake kwantarwa a kan allon lantarkin kwamfuta, ana amfani da nvme-cli a ba ta umarnin format ko sanitize. Shi ma daga filash ake yi, saboda dalilin da na ambata. Galibi cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintoci an gama, don da yawansu tun asali a kulle suke ajiye bayanai da wani mabuɗi na ciki, da an jefar da mabuɗin abin da ya rage ya zama shirme. Za ku ci karo da abu ɗaya: sau da yawa faifan zai ce a daskare yake, ba zai karɓi umarnin ba. BIOS ce ta yi haka don kariya. Ka sa kwamfutar barci na ɗan lokaci ka tashe ta, yawanci sai ya saki. Kar ku aika wannan umarni ta akwatin USB na waje, yana iya kashe faifan, kuma kar wuta ta yanke a tsakiya, don yana iya zama a kulle. Kafin ma ku wahalar da kanku, ku leƙa BIOS. Yawancin laftof ɗin ofis na HP da Dell da muke sayarwa suna da wannan aiki a ciki, HP na kiransa Secure Erase, Dell na kiransa Data Wipe.

Amma kar ku yarda da na'ura don ta ce ta gama. A 2011 wasu masu bincike a Jami'ar California da ke San Diego suka gwada SSD 12, suna ciro ƙwayoyin suna karantawa kai tsaye. Wasu sun share tas. Wasu umarnin bai yi aiki daidai ba. Ɗaya kuwa ta ba da rahoton cewa ta kammala alhali komai na nan bai motsa ba. Kamfanoni sun gyara da yawa tun daga lokacin, amma mu tsofaffi ke zuwa hannunmu, wasu ma marasa suna da ake sayarwa da arha. Saboda haka bayan ka gama, ka sake tashi daga filash ka saki PhotoRec a kan faifan. Ka zama ɓarawon kanka na rabin awa. Idan ta dawo hannu rabbana, aiki ya yi. Idan ta fito da hoto ko da ɗaya ne, bai yi ba. Ni a SSD nakan haɗa biyu, umarnin ciki sannan zagaye ɗaya na rubutu a kai, sai tantancewa.

Filash da memori ba su da wannan umarni na ciki. A cika su da rubutu gaba ɗaya, in kuma abin da suka taɓa ɗauka mai nauyi ne, a karya su, kuɗinsu bai kai a yi kasada ba. Waya kuma da sauƙi yanzu: iPhone da wayoyin Android na 'yan shekarun nan a kulle suke ajiye bayanai, don haka idan ka cire asusunka na Google ko iCloud ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, ya isa. Tsofaffin Android ne abin tsoro. A 2014 kamfanin Avast ya sayi wayoyi 20 'yan hannu ya dawo da hotuna sama da 40,000 daga cikinsu. Masu bizines santa kuma su sani, manyan injinan fotokwafi da yawa suna da faifai a ciki da ke ajiye hoton abin da aka ɗora musu.

Sai faifan da ya mutu, wanda kwamfuta ba ta ganinsa ko yake ƙara ƙyas-ƙyas. Wannan filash ba ta da abin yi masa, kuma shi ne aka fi jefarwa da sakin jiki, ana cewa ai ya lalace. Sau da yawa allon lantarkin da ke bayansa ne ya ƙone, farantan ciki lafiyarsu ƙalau, mai sana'a zai iya tashinsa. Jiƙa shi a ruwa ba ya komai. Goga masa maganaɗisun lasifika ba ya komai. A kwance shi a ciro farantan. Na laftof galibi gilashi ne, a naɗe su a tsumma a buga da guduma, a kiyaye ido. Na kwamfutar tebur galibi alminiyom ne, a huda su wurare da yawa da injin huji, a kankare fuskarsu, a lanƙwasa, ko a kai wa maƙeran Dilimi su gama da su. SSD kuma kowace baƙar ƙwaya da ke kan allon sai an fasa ta, don huji ɗaya na iya wucewa ta tsakaninsu bai taɓa ko ɗaya ba. Kar a ƙona, hayaƙin guba ne. Ragowar ƙarfen a sayar wa 'yan gwangwan, ba a yi asara ba.

Ga shugabannin ofisoshi da makarantu da asibitoci da ke nan, maganar ta wuce ta kirki, ta zama ta doka. A watan Yunin 2023 aka sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, aka kafa hukumar NDPC. Dokar ta ce kar a riƙe bayanan mutum fiye da lokacin da ake buƙatarsu, kuma wanda ya tara su shi ke da alhakin tsare su. Tarar manyan masu riƙe da bayanai tana kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Ƙanana kuma naira miliyan 2 ko kashi 2 ɗin. Kar kuma wani ya ce ai na ba ɗan kwangila ya kwashe. Bankin Morgan Stanley na Amurka haka ya yi, ya ba wani kamfanin kwasar kaya da bai san aikin ba, faya-fayan suka ɓulla a gwanjon intanet da bayanan kwastomomi a ciki. A Satumbar 2022 aka ci shi tarar dala miliyan 35. Nwipe tana fitar da takardar shaida ta PDF mai ɗauke da lambar faifai da hanyar da aka bi da ranar da aka yi. A buga ta a sa a fayil kafin kwamitin gwanjo ya zauna. Kuma wannan lokaci ne da ya kamata a farka, don Microsoft ta sa 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10, kwamfutoci da yawa ba za su iya ɗaukar Windows 11 ba, ofisoshi a waje da nan gida za su yi ta zubar da su.

Ku kuma 'yan'uwana masu gyara, in faɗa muku gaskiya ko da ba daɗi. A cikinmu akwai masu buɗe hotunan kwastoma idan ya juya baya. Akwai masu kwafe abin da suka tarar a tsohon faifai su ajiye, ba don komai ba sai son gani. Mace ta kawo laftof a canja mata allo, bayan wata biyu hotonta na yawo a WhatsApp. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kuma ko ta fuskar kasuwa, wanda aka san yana shafe kwamfuta a gaban mai ita ya ba shi takarda, shi lauyoyi da likitoci da 'yan fim za su riƙa nema. Ku sa masa farashi kamar yadda kuka sa wa ɗora Windows. Na san abin da ke hana wasu: tsoron kar lasisin Windows ya tafi. A kwamfutocin da suka fito da Windows 8 zuwa sama, lasisin yana cikin allon lantarkin kwamfutar ne, ba ya cikin faifai, da ka ɗora irin wadda ta zo da ita ka hau intanet za ta gane kanta.

Haka kuma duk kwamfutar da ta shigo shago daga Legas, a shafe ta kafin a ɗora mata komai, ko da dilan ya rantse an yi. Bayan sirrin mai ita na farko, ba ka san irin ƙwayar cutar da ta kwaso ba, ba ka kuma san ko akwai abin da in an same shi a hannunka kai za ka amsa tambaya ba.

Ga mai kwamfuta da ba ma'aikacin gyara ba, abu ɗaya zan ƙara. Ka kunna BitLocker mai kulle bayanan faifai, ko makamancinsa, tun ranar da ka saye ta, ka rubuta mabuɗin a takarda ka adana a gida. Filash tana aiki ne idan kwamfutar na hannunka kuma faifan na numfashi. Wadda aka fizge a Keke Napep a Farin Gada, ko wadda ta mutu farat ɗaya, ba za ka samu damar shafe ta ba, kullen da ka sa tun farko ne kawai zai tsaya maka.

Akwai laftof biyu a teburin can, ɗaya mai faifai mai juyawa, ɗaya mai SSD. Bayan tambayoyi za mu yi wa ta farkon fomatin a gabanku mu saki PhotoRec ku ga abin da zai fito, sannan mu tayar da su biyun daga filash. Wanda ya zo da filash ɗin da babu komai a ciki, ya kawo a ɗora masa ShredOS.